KALLON TSUNTSAYE A KURMIN GAJIMARE: SANA'AR DA KE WUCEWA TA ƘOFAR KEFFI

Idan aka gaya wa mutumin kasuwar Keffi cewa akwai wanda zai baro gidansa a Ingila ko Jamus, ya biya kuɗin jirgi da na masauki, ya tashi tun kafin assalatu ya hau dutse cikin ɗari, ba don farauta ba, ba kuma don neman kuza ba, sai don kawai ya ɗora idonsa a kan wani ɗan tsuntsu wanda bai cika tafin hannu ba, ya rubuta sunansa a littafi, sa'an nan ya juya ya koma gida, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, lalle wannan bawan Allah ya rasa aikin yi. To, amma irin waɗannan mutane ba kaɗan ba ne a duniya. A Ingila kaɗai akwai wata ƙungiya ta kare tsuntsaye da ake kira RSPB, wadda mata suka kafa a 1889 don hana kashe tsuntsaye saboda gashin da ake ƙawata huluna da shi, yau membobinta sun haura miliyan ɗaya. Akwai kuma kamfanoni a Turai da Amurka waɗanda ba su da wata sana'a sai shirya wa irin waɗannan mutane tafiya ta mako biyu ko uku zuwa ƙasashen zafi, kowane mutum yana biyan dala dubbai. Wuraren da suka fi ƙauna kuwa, waɗanda suke yi wa tanadi shekara da shekaru, su ne kurmin kan duwatsu, inda gajimare yake saukowa ya kwanta a kan itatuwa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, Nijeriya tana da irin wannan kurmi, tana da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Abuja yana nufin duwatsun Jos ko na Mambila da mota, galibi ta Keffi zai bi, domin tsakaninta da Abuja bai fi kilomita 50 da 'yan kai ba. Watau dai garin Abdu Zanga yana zaune ne a bakin ƙofar duwatsun nan. Sai dai zama a bakin ƙofa ba ya cika aljihu. Tsuntsu ba na kowa ba ne, ba wanda zai ce ya sayar maka da shi yana kan reshe. Abin da baƙo yake biya shi ne ido da kunnen mutumin da zai kai shi gindin itacen da tsuntsun yake, a sa'ar da yake can. Wannan mutum shi ne ɗan jagora, kuma a kansa sana'ar duka ta tsaya.

Yadda Gajimare Yake Shayar Da Kurmi

Kafin mu shiga zancen jagora, ya kamata mai karatu ya san irin dajin da ake magana. Iskar damina tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da laima. In ta ci karo da dutse mai tsawo ba ta da hanya sai ta hau, tana hawa kuwa tana yin sanyi, kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000. Da ta yi sanyi sai laimar ta dunƙule ta zama gajimare, ya riƙa ratsa itatuwa kamar hayaƙin ɗanyen itace. Ganyaye da rassa su tare shi, ruwan ya riƙa ɗiga ƙasa ko da ba a yi ruwan sama ba. Saboda haka za ka ga kowane reshe ya yi gemu da gansakuka, tsire-tsire sun hau kan tsire-tsire, ƙasa kuwa ta jiƙe kamar soso. Daga irin wannan ƙasa ƙoramu suke ɓuɓɓugowa, su gangara su haɗu su zama koguna. Ruwan da ke sauka daga Mambila shi ne yake shiga kogin Donga da kogin Taraba, su kuma su zuba a Binuwai. Manomin da ke noman rani a bakin Binuwai yana cin arzikin kurmin da bai taɓa jin sunansa ba.

Duwatsun da ke ɗauke da wannan kurmi a yankinmu jere suke, daga tsibirin Bioko cikin teku, su biyo ta Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000, su ratsa ƙasar Bamenda, su leƙo Nijeriya ta Obudu a Jihar Kuros Riba da Mambila da Gashaka a Jihar Taraba. Masana sun bayyana cewa a zamanin da, sa'ad da duniya ta fi haka sanyi, kurmin nan ya sauko ƙasa ya haɗe da juna. Da zafi ya dawo sai ya ja da baya ya koma bisa, kowane dutse da nasa, kamar tsibirai a tsakiyar ruwa. Tsuntsayen da suka maƙale a can suka daɗe ba su cuɗanya da na ƙasa ba, har suka zama iri na dabam. Kusan iri 30 ne ake lissafawa waɗanda ba a samunsu a ko'ina cikin duniya sai a jerin duwatsun nan. Ga mai tara sunayen tsuntsaye a littafi, wannan kaɗai ya isa dalilin sayen tikitin jirgi.

Hanyar Jos Da Tsuntsun Da Ya Tona Asirin Wani

Hanya mafi sauƙi daga Keffi ita ce ta Akwanga, a karya arewa, a bi har Hawan Kibo, wanda direbobin tirela suka sani sarai, ba kuwa da alheri ba. Nan kusa ne ruwan Assop yake faɗowa daga dutse, kewaye da ɗan siririn kurmi na bakin rafi. Ƙungiyar BirdLife International ta sanya Assop cikin wurare 27 da ta zaɓa a Nijeriya a matsayin masu muhimmanci ga tsuntsaye, tare da kurmin Kagoro da Nindam a kudancin Jihar Kaduna. In aka ƙarasa hawa aka wuce Jos da kimanin kilomita 15 ta gabas, sai a isa ƙauyen Laminga da gandun dajin Amurum.

Amurum ba kurmin gajimare ba ne. Duwatsu ne da saƙe-saƙen bishiyoyi da kwazazzabai masu inuwa, fili ne da bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙidaya tsuntsaye wajen iri 300 a cikinsa. A nan aka kafa Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI, a 2001, bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos, da gidauniyar Leventis, da ƙungiyar kiyaye halittu ta Nijeriya NCF, da mutanen Laminga masu ƙasar. Tana yaye ɗalibai masu digiri na biyu daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ba a nan nazarin tsuntsaye ya fara a Arewa ba, domin tun 1964 wasu Turawa mazauna ƙasar nan, cikinsu har da John Elgood na Jami'ar Ibadan da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello da Robert Sharland na Kano, suka kafa ƙungiyarsu suna buga ɗan littafin rahoto. Bambancin shi ne, a Amurum 'ya'yan ƙasa ne suke riƙe da madubin hangen nesa.

Labarin da ya fitar da sunan wurin ya cancanci a ba da shi dalla-dalla, domin yana nuna irin basirar da sana'ar ke bukata. Kowa ya san baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke tsince-tsince a tsakar gida ba ta tsoron mutane. Kowa kuma ya san zalaidu mai dogon bindi. To, zalaidu yana da 'yan'uwa, wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe masu sheƙi, kuma dukansu halinsu ɗaya ne: ba su gina sheƙa. Macen takan faki idon baiwar Allah ta saka ƙwanta cikin nata, ita kuwa baiwar Allah ta ƙyanƙyashe ta rena tare da 'ya'yanta. Ɗan agolan nan yana tashi da kukan uban goyonsa a kunne, in ya girma kuwa da wannan kuka yake neman mata. Galibi kowane irin baƙin tsuntsun yana da irin tsuntsuwar da yake yi wa wannan ha'inci. Saboda haka wanda ya saurari namijin da kyau zai iya faɗin gidan da aka rene shi.

Wani masani Ba'amurke, Robert Payne na Jami'ar Michigan, ya shafe shekaru yana bin waɗannan tsuntsaye da rikoda a ƙasashen Afirka. A tsaunin Jos ya sami wani baƙi da ke kwaikwayon kukan da bai dace da na kowace baiwar Allah da aka sani ba. Hankali ya ba shi cewa lalle akwai mai wannan kuka, tun da ɗan agola ba ya ƙaga waƙa da kansa. Aka bi duwatsu ana saurare har aka same ta, wata baiwar Allah mai jan baya da kai ruwan toka, mazauniyar tsakanin duwatsu. A 1998 ya buga bayaninta a matsayin sabon iri wanda ilmi bai san da shi ba. Daga baya an gan ta a duwatsun Mandara na kan iyakar Kamaru. Yau waɗannan biyu, mai gida da agolanta, su ne abin da kowane baƙo yake tambaya da ya sauka a Laminga. Abin lura a nan shi ne, yaran ƙauyen da ke kiwon awaki a gindin duwatsun sun daɗe suna ganinta. Ba su san cewa wani zai haye teku dominta ba.

Akwai kuma baƙin da ke zuwa da fiffikensu. Daga watan Satumba zuwa Afrilu gonakin Jos da na Nasarawa suna karɓar ƙananan tsuntsaye da suka gudo daga hunturun Turai, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara. Masu bincike a Amurum sun sanya wa wasu zobe a ƙafa, sun tabbatar cewa akwai wani ɗan tsuntsu da bai kai nauyin giram 20 ba, wanda yakan je Turai ya yi ƙwai, ya dawo gonar da ya bari bara, ba ta maƙwabci ba. Fatake ma ba duka suke da wannan riƙon hanya ba.

Mambila

Wanda yake son ainihin kurmin gajimare sai ya ɗaura ɗamarar doguwar tafiya. Daga Keffi a bi Akwanga da Lafiya, a haye Binuwai, a shiga Jihar Taraba a nufi Bali da Serti, inda hedkwatar gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti take. Wannan gandu, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, kuma a gefensa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419. Bayan Serti, a Mayo Selbe, hanya take fara nannaɗe dutse, mota tana nishi, kunne yana toshewa, har a fito a wani fili mai tuddai kore shar, da shanu, da gonakin shayi na Kakara, da sanyin da zai sa Bakano ya nemi bargo da rana tsaka.

Kusa da ƙauyen Yelwa, a kan hanyar Gembu, akwai gandun dajin Ngel Nyaki, wanda aka keɓe a 1969 zamanin En'e. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Ya maƙale ne a gangaren dutse tsakanin mita 1,400 da 1,600, sauran duk ciyawa ce. Wani malamin daji Bature, J. D. Chapman, ya zagaya dazuzzukan yankin a shekarun 1970 yana rubuta itatuwansu. Bayan shekaru kusan 30 'yarsa, Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar New Zealand, ta dawo ta bi sawunsa don ta ga abin da ya rage, daga nan aka kafa tashar bincike a bakin kurmin, wadda take aiki da samarin Yelwa da ɗaliban jami'o'in Nijeriya.

A cikin wannan ɗan kurmi akwai birai iri-iri, har da ragowar birin nan mai kama da mutum wanda ba a samun irinsa sai a Nijeriya da Kamaru. A bakinsa kuwa ake neman kabaren Bannerman, wanda aka sa wa sunan Baturen da ya rubuta littafi mai juzu'i 8 a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma tsakanin 1930 da 1951. Kabare ne mai ruwan zinariya da baƙar fuska da koren baya, amma bai ɗauko halin kabaren gari ba, wanda ke cika bishiya da sheƙa da surutu. Shi wannan daga shi sai matarsa, cikin duhuwar bakin kurmi. Akwai wata hasbiya mai duhun jiki ta kan duwatsu wadda ke haɗiye 'ya'yan itace ta kai irin wani wuri ta zubar, akwai kuma sha-kauci iri-iri masu sheƙi, waɗanda ke zura dogon bakinsu cikin fure suna ɗaukar garinsa daga wannan itace zuwa wancan. Watau tsuntsayen nan ba ado kaɗai ba ne a wurin. Su ne masu shuka kurmin, kurmin kuma shi ne mai riƙe ruwan.

Obudu ma tana da nata guntayen kurmin, da masauki, da hanya mai kwalta har bisa, sai dai ta fi kusa da mutanen Kalaba da Makurɗi.

Aikin Ɗan Jagora

Yanzu bari mu dubi yadda ake gudanar da irin wannan tafiya. Ayarin ba ya da yawa, mutum 6 ne zuwa 10, domin taro yana korar tsuntsu. Ana fita kafin gari ya waye, saboda daga fitowar alfijir zuwa hantsi ne tsuntsaye suke kuka suna neman abinci; da rana ta take sai kurmi ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kowa yana rataye da madubin hangen nesa, jagora kuma yana saɓe da babba mai ƙafa uku. A cikin kurmi ido ba ya aiki sosai, ganye ya rufe ko'ina, hazo kuma yana zuwa yana wucewa. Mafi yawan tsuntsayen sai an ji su kafin a gan su. Jagora nagari yana tafe yana rarrabe murya goma a lokaci ɗaya, ya san wanda ke bisa ƙololuwa da wanda ke tsalle a ƙasa, ya san ɓauren da ya nuna a wannan mako, ya san kwanar da garken tsuntsaye masu tafiya tare sukan ratsa. In ya tsaya cak ya ɗaga yatsa, kowa ya ɗauke numfashi. Sa'an nan sai ya iya kwatanta wa tsoho mai shekara 70, cikin raɗa, reshen da zai duba, kafin tsuntsun ya tashi. Wannan kwatance shi ne rabin aikin, kuma a nan da yawa suke faɗuwa.

Akwai ladubba. Ba a taɓa sheƙa. Ba a cika wa tsuntsu kunne da muryarsa da aka ɗauka a waya don a jawo shi, domin yakan zaci kishiya ce ta shigo masa gida, ya bar ƙwai ya fito faɗa. Jagoran da ke yin haka kullum a wuri ɗaya yana kashe kasuwarsa ne da hannunsa. Kuma ba a ƙarya. Baƙin nan suna rubuta rahoton tafiyarsu a intanet, suna ambaton sunan jagora, wanda ya nuna musu wani tsuntsu ya kira shi da sunan wani don ya faranta musu rai, labarinsa zai riga shi isa Landan.

Mai karatu zai ga cewa babu wani abu a cikin wannan da ya fi ƙarfin ɗan maharbi ko yaron da ya tashi a bayan shanu. Mutanenmu sun san ragon maza da kukansa mai kama da zubar ruwa daga gora, sun san cilakowa da kulkulu da kazar dutse, sun san shamuwa ba ta zuwa sai damina ta kusa, sun san alhudahuda tun daga labarin Annabi Sulaimanu a Suratun Namli. Abin da ya rage musu shi ne sunayen da ke cikin littafi, da ɗan Turancin hira, da madubi, da sanin cewa mai biya yana son tsuntsun da rai.

An ga haka a wasu ƙasashe. A yankin Mindo na ƙasar Ekwado, cikin kurmin gajimare na duwatsun Andes, wani manomi da a da yake sare itatuwa ya lura da wani tsuntsu mai tsananin ɓuya, wanda masana kan yi kwanaki ba su gan shi ba. Wajen 2005 ya dinga ajiye masa tana kowace safiya, da haƙuri, har tsuntsun ya saba yana fitowa in ya kira. Yau gonarsa tana cikin jadawalin kusan kowane kamfani da ke kai mutane ƙasar, kurmin da zai sare kuwa yana nan tsaye. A nan kusa, a Gambiya, samari masu jagora sun kafa ƙungiyarsu, suna jiran baƙi a gadar Kotu kusa da otel-otel na bakin teku, wasunsu da wannan suke riƙe gidajensu.

Misalin da ya fi dacewa da Mambila shi ne Monteverde a ƙasar Kosta Rika, ƙasar da faɗinta bai kai ninki biyu na Jihar Nasarawa ba, amma tsuntsayenta sun kai yawan na Nijeriya. A 1951 wasu iyalai 'yan ɗariƙar Kweka suka baro Alabama ta Amurka saboda sun ƙi aikin soja, suka sayi ƙasa a kan dutse suka shiga kiwon shanun madara. Tun da farko suka keɓe wajen sulusin ƙasar, can bisa inda ruwansu yake fitowa, suka ce ba mai sa gatari. Ba don tsuntsu suka yi ba, don shanunsu da rijiyarsu suka yi. A 1972 aka kafa gandun daji a wurin, aka haɗa da wannan yanki, yau dubban mutane suke zuwa kowace shekara neman ketsal, wani koren tsuntsu mai jan ƙirji da bindi kamar rawani ya warware. Makiyaya ne suka fara tsare kurmin, kuma jikokinsu suna cikin masu cin moriyarsa.

Abin Da Ke Tare Hanya

Ba za mu ruɗi mai karatu ba. Kamfanonin da ke kai mutane Gana da Gambiya da Uganda ba safai suke sanya Nijeriya cikin jadawalinsu ba, dalilin kuwa a fili yake. Satar mutane a kan hanyoyi, da rikice-rikicen Filato da kudancin Kaduna, da irin abin da ya auku a Mambila a watan Yuni na 2017 sa'ad da aka yi asarar rayuka da dukiya tsakanin maƙwabta, duk sun sa gwamnatocin Turai suna gargaɗin mutanensu. Mutumin da zai tsaya shi kaɗai a daji da asuba yana kallon sama, ya fi kowa bukatar kwanciyar hankali.

Sa'an nan ga wuta. Kowace shekara da rani makiyayan Mambila sukan cinna wa busasshiyar ciyawa wuta don sabuwa ta tsiro. Wutar ba ta shiga tsakiyar kurmi saboda laima, amma takan lashe bakinsa, shanu su bi su tattake 'yan itatuwan da suka tsira, baɗi wutar ta ƙara matsawa ciki da taki ɗaya. Masu aikin Ngel Nyaki sun kewaye wasu filaye da waya, sun share hanyar tare wuta, sun dasa itatuwa, kuma inda aka yi haka daji yana dawowa sannu a hankali. Amma a ganinmu waya kaɗai ba za ta yi ba. Makiyayin ba mugunta ce ta sa shi ba, ciyawa yake nema, kuma shinge a wurinsa ƙasa ce aka ƙwace. Muddin kuɗin baƙo yana tsayawa a aljihun mai mota daga birni da mai otel, shi kuwa mai ruga da manomin gefen kurmi ba su ga ko sisi ba, to, ashana tana hannunsu. Sai ɗansu ne jagora, matarsu ce mai sayar da nono da zuma ga masauki, ƙauyensu ne ke karɓar kuɗin shiga, kafin a sa ran su kashe wutar da wani ya kunna.

Kada kuma a ɗauka asarar tsuntsaye labarin nesa ne. Dattawan Keffi za su tuna yadda ungulu take cika mahauta da rufin kasuwa. Yau yaro yana iya gama firamare bai ga ko ɗaya ba, saboda guba da masu sayen sassanta don haɗa magani, har a 2015 aka sanya ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa, ta yi wuyar gani a fadamun Arewa.

Rabon Keffi

To, ina Keffi ta shiga? Jiran Turawa ba dabara ba ce a halin da ake ciki. Kasuwar da ke kusa ita ce Abuja, mai ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da 'yan boko masu neman inda za su kai iyali ranar Asabar, da makarantu masu fita yawon buɗe ido, har da ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta garin. Jihar Nasarawa kuwa tana da abin nunawa: duwatsun Mada da na Eggon a kan hanyar Akwanga zuwa Lafiya, da ruwan Farin Ruwa a ƙasar Wamba, wanda ke faɗowa daga gefen tsaunin Jos tsawon kimanin mita 150 cikin daji mai laima, ko da yake hanyarsa tana wahalarwa da damina. A cikin gari ma ga bakin kogin Antau, ga dutsen da ake kira da sunan Kyaftin Moloney, Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902. Jagora mai wayo zai haɗa wa baƙo tarihi da tsuntsu a safiya ɗaya. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi tana da ɗalibai masu nazarin dabbobi da tsire-tsire, Amurum kuwa tafiyar rabin yini ce daga ƙofarta.

Hanyar koyo ma a buɗe take, ba ta bukatar takardar kowa. Tun ƙarshen 2015 cibiyar APLORI ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda 'yan sa kai suke yi. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Mutum yakan zaɓi gida ɗaya, ya zagaya shi na aƙalla awa 2, ya shigar da duk tsuntsun da ya gani ko ya ji a wata manhaja ta waya mai suna BirdLasser, ya aika. Masana su duba, in ya ambaci abin da ba a saba gani a wurin ba su nemi hoto ko ƙarin bayani. Da haka kunne yake gogewa, da haka kuma sunan mutum yake shiga hannun masu neman jagora. Wanda yake son farawa da baiwar Allah ta dutse da agolanta, ƙarshen damina zuwa farkon kaka ya fi, domin a lokacin ne namijin yake sanye da baƙar rigarsa yana kuka a kan itace. Mambila kuwa sai ruwa ya ɗauke, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin ƙura da hayaƙin ƙunar daji su rufe duwatsun.